Wuyan Sila

"Juya shi kuma," in ji Ugochukwu mai shagon kwamfuta.

Justice ya murɗa linzamin kwamfutar da ƙarfi. Ɗan sojan da ke cikin wasan ya waiwaya, sai hoton ya tsage daidai wuyansa, kai ya yi hagu, jiki ya yi dama, sannan suka haɗe.

"Ka gani? Irin na gida sak. A wuya dai, Oga Ugo. Kullum a wuya."

Ɗan sojan nan wansa Sila ne ya ƙera shi da ya zo hutu daga aikin soja, da fuskarsa, har da tabon girarsa. Tun damina da aka tura su daji ba a ji duriyarsa ba. Justice kan kunna wasan don Mama ta ga ɗanta yana motsi. To, shekaranjiya idonta ya faɗa kan tsagar nan. Ba ta yi kuka ba, ta dai ture kwanon tuwo, kuma har yau ko kunu ta ƙi sha.

"Ba aljani ba ne, ɗan'uwa," in ji Ugochukwu. "Lugude ne ya ɓaci. Kwamfuta na jefa taɓarya, monita na jefa tasa, ba mai jiran wani. Wancan babban monitan yana da adaftif sink, yana jira hoto ya cika kafin ya nuna. Amma tsakani da Allah, in don wasa ne, ƙaramin ya ishe ka. 'Yar tsaga ce, wa ta kashe?"

Maganar ta fita kafin ya kama bakinsa.

Suka jona babban. Justice ya juya Sila hagu, ya juya shi dama, ya fizge shi da mugunta. Wuya lafiya lau, sumul. Sai dai yanzu da hoton ya daina rawa, idanun sun tsaya cak a kansa, ba ƙiftawa. Wallahi tsoro ya ji, tsoron ɗan'uwansa.

"Sa min shi a kwali," in ji Justice.

A bayan ɗan kabu-kabu ya rungume kwalin, yana ta shirya abin da zai ce: Mama, dubi, monita ne ya lalace, Sila ƙalau yake. Ci abinci.

Suna shan kwanar layinsu ya hango koriyar mota a ƙofar gidan. Sojoji biyu na tsaye ƙarƙashin mangwaro, hulunansu a hannu. Mata maƙwabta sun fara shiga ɗaya bayan ɗaya, babu mai gaida wata.

Ɗan kabu-kabun ya rage gudu. "Nan ne, ko?"

Justice ya ƙara matse kwalin a ƙirji.

"Ba nan ba ne," ya ce. "Mu je gaba."