Gudumar Baba da Falwaya ta Bakwai

Ranar Talata da safe Auta ta kira Baba a waya, ta ce in yana da sarari ya zo wurin aikinta ya duba mata wani abu. Sarari kam yana da shi har ya yi masa yawa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawan falwaya a kamfanin wuta, tun da ya yi ritaya kuma ba ya da aiki sai kwance fankar gida yana sake ɗaurawa.

Auta injiniya ce. Kamfaninsu ya samu izinin ɗaura eriyoyin intanet a kan falwayoyin katako na wata tsohuwar unguwa da sabis ba ya shiga, maimakon a kafa dogon ƙarfe. Taswirar ofis ta zaɓi falwaya goma sha biyu. Shida sun tafi lafiya. Ta bakwai ce hankalinta bai kwanta da ita ba, ko da yake a ido ba ta da aibu, kuma Dogo, mai hawa musu, har ya jingina tsani.

Baba ya iso da tsohuwar gudumarsa a leda. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya zagaye falwayar, ya kara kunne, ya fara ƙwanƙwasa ta daga daidai kafaɗarsa yana yin ƙasa. Sama tana amsawa da ƙarfi. Da ya zo kusa da ƙasa sai ƙarar ta koma kamar ta ganga.

"Ɗauke tsaninka, Dogo," in ji shi. "Gara ta riga ku aiki a nan."

Dogo ya yi murmushin ladabi, ya ce ai shekaranjiya ma ya ga an hau ta. Baba ya ari sukundireba, ya tone ƙasa kaɗan a gindin, ya soka. Ta shige har mariƙi. Dogo ya sauke tsanin da kansa, har da ba tsoho haƙuri.

Auta ta kira kamfanin wuta ta sanar da su, aka mayar da eriyar kan ta kusurwar layi, wadda Baba ya buga sau uku ya ce wannan ko giwa za ta ɗauka. Shi ya riƙe igiya aka ja farin akwatin eriyar sama, yana ta yi wa Dogo faɗa kan tazarar da zai bari tsakaninsa da wayar wuta. Da aka kunna, wani tela da ke gefen titi ya fito yana nuna wa kowa wayarsa, wai shekara uku sai ya hau benci yake iya tura hoton ɗinki.

Sauran biyar ɗin ma Dogo ya ce ba ya taka ko ɗaya sai Baba ya saurare ta. Haka suka bi layi har la'asar, tsoho a gaba da aron hular kwano, Auta a baya tana rubuta lambobi tana ɓoye dariya.

A mota ta ce masa, "Baba, akwai wasu arba'in a ƙetaren gada. Amma sai Mama ta yarda."

Ya ce a kira ta yanzu. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko aikin har da Asabar da Lahadi. Da aka ce a'a, ta ce to a duba mata, ko za a iya ƙarawa har da su.