Minti Bakwai na Mataimakin Shugaba

Karo na huɗu ke nan Kuwabara Shizue tana buga suna da kalmar sirri a allon hannu na ɗalibai, na'urar da ke gadin ƙofar intanet ɗin makarantar tana cewa ba ta san ta ba. Kwamfutocin malamai lafiya lau suke wucewa. Allunan ɗalibai ɗari da ashirin ne suka tsaya cak, ga jarrabawar gwaji ta intanet da ƙarfe ɗaya.

Shekararta hamsin da uku, tara daga ciki ta yi su ne tana kula da na'urorin wannan sakandare ta garin Morioka bisa kwantiragin shekara-shekara. Na bana yana kan teburin Mataimakin Shugaba Tsuruoka, ranar Juma'a zai sa hannu ko ya ƙi.

Wajen sha ɗaya ta gano matsalar. Agogon babbar na'urar makarantar, wanda ƙararrawa ke bi, ya yi gaba da minti bakwai. Kwamfutocin malamai daga gare ta suke ɗaukar lokaci, allunan ɗalibai kuma daga waje. Na'urar gadin kuwa, da zarar bambancin agogo ya haura minti biyar, sai ta ɗauka izinin shiga na sata ne. Ba sai an faɗa mata wanda ya taɓa agogon ba. Tsuruoka ne, mutumin da kullum yake wa'azin cewa wanda ya iso a kan lokaci ya riga ya makara. So yake ƙararrawa ta riƙa kaɗawa da wuri.

Ta je teburinsa a ɗakin malamai, ta rusuna, ta yi bayani ƙasa-ƙasa don kada ya ji kunya. Ta ce gyaran minti ɗaya ne, a mayar da agogon kawai.

Shi bai rage murya ba.

"Malama Kuwabara, ni kike cewa na ɓata miki na'ura?"

"A'a, Yallaɓai, agogon ne kawai…"

"Agogon makaranta daidai yake. Allunanki ne suka makara, kamar mai su. Je ki gyara."

Malamai goma sha biyu ne a ɗakin, kowa ya sunkuya a kan takardunsa.

Haka baiwar Allah nan ta bi aji-aji, tana ɗaukar allo mai lokaci daidai tana ɓata agogonsa da minti bakwai da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Gilashinta yana zamewa. Ɗalibai suna ta ƙus-ƙus, wata ma ta tambaye ta ko a kira jikanta ya taya ta. Ko shinkafar da ta ƙunso daga gida ba ta buɗe ba. Da minti arba'in jarrabawar ta makara.

Bayan an tashi Tsuruoka ya kira ta, wannan karon da fara'a, har da zuba mata shayi. Ya ce iyaye za su yi tambaya, dole a sami takardar ban haƙuri a fayil. Al'ada ce kawai. Ta rubuta cewa sakacinta ne, ta buga hatiminta, maganar ta wuce, su fuskanci Juma'a da zuciya ɗaya.

Ta san ƙarya ce za ta rubuta. Amma ta tuna shekarunta, ta tuna babu mai ɗaukar irinta sabon aiki. Ta rubuta da kyakkyawan hannunta, ta danna hatimi, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya karanta a tsanake, har yana gyaɗa kai. Sannan ya jawo kwantiragin, ya ɗora takardar a kansa, ya haɗa su da maƙali.

"Abin tausayi," in ji shi. "Ni kam na so ki zauna. Amma wadda ta amsa sakaci da hannunta, me zan ce wa hukumar ilimi?"