Sallar Kaka Ba Ta Yi Ba

...wai ba ta yi ba. Sallar tata. Tanna tana zaune a gindin rumbu da faifan gujiya a cinya, tana ɓara, ba ta ma ganin abin da yatsunta ke yi. Ladan ya kira la'asar tun ɗazu. Ga buta kusa da ƙafarta, ruwan ciki har ya yi ɗumi. Ta ƙi tashi.

Huda ce ta faɗa. Jikarta, ɗiyar Abdurrahamane, yarinyar da aka kawo mata yaye, ta kwana a bayanta tana tsotsar bakin zane. Ga ta can bakin randa tana wanke kwanoni, yau babu lakwal, makarantar bokon a rufe take, tana wanki tana satar kallo. Jira take kaka ta tashi.

Rannan da magariba ne. Tanna ta sallame ke nan, ko addu'a ba ta shafa ba.

"Kaka, ba haka ake yi ba. Mushe Hafiz, malaminmu na lakwal, ya ce hannu bisa ƙirji ake ɗora shi, ke ko kin sake naki. Kuma wagga niyya da kike faɗi da baki, ya ce babu ta."

"To in babu ta, sallar fa?"

Hawaye suka zubo wa yarinya. "Kaka, ni dai ban so a kai ki wuta."

Da rashin kunya ne, da sauƙi. Tsumagiya na nan a jikin danga. Amma tsoro... yaya ake dukan yaro don ya ji maka tsoron wuta?

Hannu a sake. Haka Baba ya yi, can ƙasar Mayahi, a kan buzunsa da ya ƙoƙe. Haka Inna. Haka maigidan, Allah ya ji ƙansa, da yake ajiye hauya a tsakiyar gona ya share rairayi da tafin hannu ya fuskanci gabas. Su duka ke nan? Duk wanda ta wanke, duk wanda ta raka da kuka har bakin ƙofa? A'a. A'a, Allah ba... To amma shi wannan yaron, Mushe Hafiz, ya yi karatu, an ce har ƙasar Larabawa yana da malamai. Kuma ba mugu ba ne. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ta. Ita me ta sani? Fatiha, da ƙulhuwallahu, da 'yan surorin da ba su cika tafin hannu ba.

Ɓawo ya faɗa cikin ƙwaya. Ta tsince.

Ita ce fa ta kai salla lakwal ɗin nan. Da ƙafarta da bakinta. Lokacin kilas kamar an share, 'yan mata ba su kai a cika tabarma ba. Magidanta suna cewa ba za su ba da ɗiyansu inda rana za ta karkata ba wanda ya taɓa ruwa ba. Aka naɗa ta shugabar uwayen 'yan lakwal, ta bi gida gida har dugaduganta suka tsage. Ranar taro direkta ya miƙe yana cewa lakwal ta gwamnati ce, ta kowa ce, ba ta da addinin kanta... Ita kuwa ta tare shi:

"Ta kowa ce, Mushe? To shi kowan nan ba salla yake yi ba? Ku bar su su yi, ni kuwa in cika muku kilas."

Tafi. Guɗa har daga bayan danga. Aka share gindin itacen bedi, aka jera tubali aka yi wurin salla, aka sayo butoci daga kasuwar Maijirgi. Ta kuma cika alkawari, wannan ba mai musu. Jamila ɗiyar maƙeri tana koleji a Tasawa yanzu, da wa ya san ta? Huda kanta tana karanta takardar likita. Ƙarya ne wannan? Ba ƙarya ba ne. In aka ɗauke tubalin nan gobe, kafin kasuwa ta zagayo an kwashe rabin 'yan matan. Ta san iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta san wanda zai fara.

Direkta kuma ya aiko. Iyaye sun rabu biyu a kan koyarwar Mushe Hafiz, masu cewa ya gyara musu yara, masu cewa ya raba su da yara. Taro ranar Litinin. "Inna Tanna, ke kika buɗe, ke za a saurara." A ci gaba da salla a lakwal ko a bari. Kamar maganar a bakinta take, kamar goro ne ta tofar...

Inuwar rumbu ta taɓa turmi. Lokaci na tafiya.

Elizabet. Maƙwabciyarta Kirista, wadda gonarsu ke jikin tasu, wadda ta kwana da ita a ɗaki ranar rasuwar maigida. Tana wurin taron nan na farko, can baya. Ta yi tafi? Tanna ba ta duba ba. Wa ke duba baya ana yi masa guɗa? Yau da safe a bakin rijiya, suna jan guga ɗaya, Elizabet ta ce, idonta na kan igiya:

"Inna, ɗiyata Léa ta ce ba ta komawa lakwal. In an tashi salla, ita ake bar wa tsaron takalma. Yanzu kuma ko ruwa ba a sha a kofinta."

"Wa ya ce a yi haka?"

"Ba wanda ya ce, Inna. Ban kuma ce a hana kowa sallarsa ba. Na dai gaya miki."

Ba wanda ya ce... Ita ma ba wanda ya ce mata komai, Huda ce kawai ta yi hawaye. An cika kilas, an rage ɗaya. Ɗaya dai. Uwarta ta haife ta da naƙuda irin ta kowa.

Rana ta fara ja. Tun da ta yi wayo la'asar ba ta taɓa kai ta nan ba.

"Huda! Je ki gidan Kubra ki amso mani rariya."

"Kaka, ga tamu can."

"Na ce ki tafi."

Ta fita tana waige. Tanna ta fizgi buta. Fuska, hannu, ƙafa, da sauri da sauri, kamar mai wanke shaidar sata. Ta naɗe tabarma ta shige ɗaka, ta saki asabari. Duhu. Warin daddawa da tsohon tufa. A gidanta, a ɗakin da ta haifi uban yarinyar nan, tana ɓuya don ta gai da Ubangijinta...

Niyya ta zo bakinta, ta haɗiye. Ta ɗaga hannuwa zuwa kunne. Allahu akbar. To yanzu ina? Ƙasa, inda Baba ya bar su? Ƙirji? Kafaɗunta sun fara zafi, hannuwan suna nan a sama, suna nauyi, suna nauyi...

Takun ƙafa a tsakar gida. Inuwar ƙananan ƙafafu a ƙarƙashin asabari.

"Kaka... in shigo?"