Ina Aunarki

Tun da aka san Tela a layin nan, ba wanda ya taɓa jin ya ce wa wani "yi haƙuri". In ya ɓata maka yadi, sai ya sayo wani ya ɗinka, ya miƙo maka yana kallon bango. Haka yake a shago, haka yake a coci inda ya shekara ashirin yana dattijon ikilisiya, haka kuma yake a gida, lokacin da gidan ke da mutane.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, yana kiranta Mamana. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta baro gidan mijinta da kumburarren ido da akwati ɗaya, ta tsaya a ƙofar ubanta. Ya ce ta koma. Ta ce ba za ta koma ba. Ya rufe ƙofar. Ranar Lahadi kuma shi da bakinsa ya karanta sanarwar horo a gaban jama'a: za ta zauna a bencin baya, ba za ta ci jibin Ubangiji ba, sai ta koma ɗakinta. Sau uku ta zauna a bencin, daga nan ba a sake ganinta a cocin ba. Ta sami aikin koyarwa a wata firamare can ƙarshen gari. Da uwarta ta rasu ta zo jana'iza, ta tsaya daga nesa, aka gama ta tafi.

Bayan rasuwar ne Tela ya fara rubutu. Ba wani boko mai zurfi ya yi ba, amma hannunsa na da kyau, don ya saba rubuta awo. A shafukan baya na littafin awon ya soma, har ya kai ga cika litattafai bakwai cikin shekara uku. Labarin wani kafinta ne, mai tsoron Allah, mai taurin kai, wanda ya rufe wa 'yarsa ƙofa. A babin ƙarshe kafintan ya tashi ana tsakiyar sujada, ya taka har bencin baya, ya durƙusa, ya ce mata abin da bai taɓa cewa ba. Ya sa wa labarin suna Bencin Baya.

Ya kai wa masu kantin littattafan coci, suka ce su na waƙoƙi da na nazari suke bugawa, ba na ƙagaggen labari ba. Fasto ya riƙe shi wata biyu, ya dawo da shi da shatin kofin shayi a bango, ya ce Ubangiji ya yi albarka. Sai Tela ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu, ya nufi wata maɗaba'a a bayan tasha, inda ake buga kalanda da katin gayyata. Mai ɗab'in ya zuba labarin a kwamfuta, Tela ya yi sati yana zuwa yana karantawa a allon, layi-layi, yana gyarawa. Ranar da aka fito da samfur guda aka ce ya duba kafin a saki inji, sai ya zare tef ɗin awo daga wuyansa. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ja ɗaurin ya ga ko zai ɓalle, ya ce gefen hagu ya fi na dama da rabin inci.

"Ba za ka karanta ba, Baba?" in ji mai ɗab'i.

"Abin da na rubuta da hannuna, na bi shi sau uku a akwatinka? Gyara gefen nan kawai."

Ya sa hannu a takarda.

Ranar Juma'a da safe aka sauke masa kwali shida a shago, kwafi ɗari uku. Ya ciro na sama, bai buɗe ba, ya naɗe shi a wani ƙyalle mai kyau da ya rage daga aikin wata mata, ya ɗaure da zare. Ya shiga mota har ƙarshen gari. A bakin makarantar ya ji muryoyin yara suna maimaita karatu, ya san ɗaya daga cikin azuzuwan nan nata ne. Ya yi tsaye ɗan lokaci. Sannan ya miƙa wa maigadi ƙunshin, ya ce a ba Malama, ya juya da sauri kamar wanda aka biyo.

Da ya dawo ya tarar da Mai Aski, maƙwabcin shagonsa, zaune a kan kwali da littafi a hannu, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Shekara talatin suna tare, shi kaɗai ne a layin yake iya yi wa Tela tsiya ya kwana lafiya.

"Marubuci! Sannu da zuwa. Zo ka fassara mini, ni karatuna na 'yan aski ne. Matar kafintan nan, me ta soya masa?"

"Ƙwai."

"To nan an ce ta soya masa wai. Wai me? Ba a faɗa ba. Ga kuma nan, ya shiga aki ya rufe ofa. Ga faston naka yana wa'azi, ya ce Allah aya ne."

Tela ya fizge littafin, ya sa tabarau. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, babu shi. Ba a musanya shi da wani ba, ba a bar gurbinsa ba, kalmar ta haɗe bakinta kamar ba ta rasa komai ba. Ɗaya ya zama aya. Ɗauka ta zama auka. Sunan littafin ne kawai ya tsira, don ba shi da ko ɗaya. Ya buɗe wani kwafin, ya buɗe na wani kwalin, duk kanwar ja ce. Ya tafi shafin ƙarshe, ya sami layin da ya yi shekara uku yana nufa. Kafinta ya durƙusa, ya ce: "Mamana, ina aunarki. Tun ranar da aka haife ki nake aunarki."

Mai Aski ya leƙo ta kafaɗarsa, ya karanta, ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya dubi fuskar abokinsa ya haɗiye ta.

"Ka ba wani tukuna?"

Tela ya karɓe littafin ya nufi maɗaba'a.

Mai ɗab'i bai ko tashi daga kujera ba. Ya juyo da allon kwamfutar. "Ga su nan, Baba, duk suna nan. Injin ne bai san su ba, in ya zo kansu sai ya tsallake. Shi ya sa na ce ka karanta." Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar. "Wannan hannun wa ne?"

"Kai ba ka duba ba?"

"Ni kalanda nake bugawa. Amma gefen hagun, ka gani ai, na gyara."

Daga nan Tela ya sake shiga mota zuwa makarantar. An tashi, azuzuwa a kulle. Maigadi ya ce ai tun lokacin hutun tara ya ba ta, ta kwance zaren a gabansa, ta dubi bangon, ta sa a jaka.

Asabar bai taɓa keke ba. Ya zauna a teburin yanka da biro mai bakin allura da kwafi guda, yana cusa haruffan da hannu, ɗaya bayan ɗaya, cikin ɗan matsatsin da ke tsakanin kalmomi. Wata mata ta zo karɓar ɗinkinta ya ce ta dawo jibi. Lahadi bai je coci ba, karo na farko tun rasuwar matarsa. Litinin da rana ta karkata ya kai shafin ƙarshe, ya sa wa layin nan ƙugiyoyinsa biyu, ya hura tawadar ta bushe.

Yana rufe littafin inuwa ta tare ƙofar shago.

Ta yi ƙiba kaɗan, akwai furfura biyu-uku a gaban goshinta inda ɗankwali bai rufe ba. Tsayuwar uwarta ce sak. Jaka a kafaɗa, littafin a hannu.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya." Ya share tarkacen yadi daga kan benci. "Zauna."

"A'a, na gode. Na zauna a benci ya ishe ni."

A shagon kusa, ƙarar injin aski ta ɗauke.

"Na karanta," in ji ta. "Duka. Kwana biyu."

"An ɓata shi. Injin ne. Haruffan..."

"Na gani. Ni malamar aji biyu ce, Baba, kullum abin da nake karantawa ke nan, yara suna cin haruffa ina mayarwa a kaina. Bai hana ni ganewa ba." Ta juya littafin a hannunta. "Ka iya labari. Ban san ka iya ba. Wurin da matar kafinta take ɓoye wa 'yarta zannuwa a ƙarƙashin katifa, tana aika mata a sace, na yi kuka a nan. Ashe ka sani."

"Na sani."

"Ka sani, ka yi shiru, ta mutu tana tsoron ka gane."

Ya sunkuyar da kai. Ya jawo kwafin da ya gyara, ya tura mata a kan tebur. "Ga wannan. Na mayar da su duka da hannuna. Ki duba shafin ƙarshe."

Ba ta taɓa shi ba. Ta dubi kwalayen da ke jere jikin bango. "Guda nawa ne?"

"Ɗari uku."

"Ɗari uku. Ranar da ka kore ni, a gaban mutum ɗari uku ka yi. Yau za ka ba ni haƙuri, nan ma sai an tara ɗari uku. Ka sayar da kekenka, na ga babu ɗaya. Ka yi shekara uku kana rubutu. Daga nan zuwa ƙofar gidana mota ɗaya ce, Baba. Ka zo har bakin makaranta, ka ba maigadi."

"Mamana..."

"Kar ka kira ni haka tukuna." Ta buɗe nata kwafin a ƙarshe, ta karanta a hankali, yadda take karanta wa yara. "Tun ranar da aka haife ki nake aunarki." Ta ɗago. "Da na zo nan sai na rufe littafin na yi ta dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya. Tsawon siket ɗina, ƙarar muryata, sau nawa na zo sujada, kwana nawa na iya jure duka, duk ka auna. Injin nan bai san ka ba, amma bai yi maka ƙarya ba."

"Ba haka na rubuta ba."

"Na sani. Shi ya sa na zo." Ta ajiye jakarta a kan teburin, ta matso taku ɗaya. "Kafinta ya faɗa. Na ji nasa. Ni ba 'yar kafinta ba ce. Ga ni a gabanka, ba coci, ba maigadi, ba inji. Baki ba ya tsallake harafi. Faɗa mini."

Tela ya miƙe. Kalmomin suna nan, ya san su, ya rubuta su a littafin awo, ya karanta su a allo, ɗazun nan ya sa musu ƙugiya da hannunsa. Ya dubi fuskarta bai iya ba, idonsa ya zame zuwa wuyanta, zuwa kafaɗarta, ya tsaya a ɗinkin hannun rigarta, inda yadin ya sauko ya wuce ƙashin kafaɗa ya yi ɗan tattara. Shekara arba'in idon nan yana wannan aikin. Bakinsa ya buɗe.

"Wa ya ɗinka miki rigar nan? Kafaɗar ta yi faɗi."

Ta tsaya tana kallonsa. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ci masa rai daga baya ke nan. Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar malamar da ta ji amsar da take tsammani. Ta ɗauki jakarta, ta sa kwafinta a ciki.

"Ki ɗauki wanda na gyara," ya ce.

"Wannan zan riƙe. Sai an jima, Baba. A riƙa shan magani."

Ta fita. Ya ji takunta a kan dakalin, ya ji Mai Aski yana cewa, "Malama, Malama, tsaya mana, 'yata," ya ji motar da ta tsaya ta kuma tashi.

Can Mai Aski ya leƙo, da almakashi a hannu. Ya dubi abokinsa, ya dubi kwalayen, ya dubi littafin da aka gyara yana nan inda aka tura shi.

"Kalma biyu fa," ya ce. "Kalma biyu, tsohon banza."

Tela bai ɗago ba. Ya koma ya zauna a bayan keken da ya rage, yatsunsa suna murza bakin tef ɗin da ke wuyansa. Inci ɗaya da rabi kafaɗar ta wuce. Ko ba a gwada ba ya san bai yi kuskure ba.