Bargon Geng Shuanzhu

A kamfaninmu na soja, wajen kiran suna, sunan matacce ake fara kira. Kyaftin ya ce, "Geng Shuanzhu!" mu ɗari da ashirin mu amsa, "Ga ni!" Shekara talatin ke nan da ruwa ya ci shi yana ceton mutanen wani ƙauye, aka sa wa kamfanin sunansa. Gadonsa na ɗakinmu, gefen taga. Bargonsa a ninke yake kamar yankan awara, ba mai taɓawa sai da farar safar hannu.

Ni ake ce wa Fara, don ba na zama wuri ɗaya. Aji biyu na bar sakandare, na yi wankin mota, na yi dako, sannan na shiga soja. Shekarata biyu ta kusa cika. Ko a ba ni saje in zauna, ko in koma ƙauyenmu a lardin Gansu. A makon nan za a fitar da sunaye.

Ran Talata zazzaɓi ya kayar da Wei Dongsheng, ɗan kudu da muke kira Kwaɗo. Ƙanƙara ta rufe hanya, motar asibiti sai la'asar. Aka bar ni da shi, saura suka fita atisaye. Na rufa masa bargona da babbar rigata, haƙoransa ba su daina kaɗawa ba.

"Fara, ƙara min wani abu," ya ce.

Barguna na ƙarƙashin kulawar masu su, amma hannuna bai je kan nasu ba. Na ga na mutumin da ba zai nema ba, na ɗauko.

Da tsakar rana Saje Lu, shugaban ɗakinmu, ya shigo. Ya dubi gadon, ya dube ni.

"Kai Fara, kanka ɗaya? Ga barguna takwas, sai na Geng?"

"Saje, shi ne ba ya jin sanyi."

"Rufe min baki. Kanar na zuwa duba ɗaki ƙarfe uku."

Muka zare bargon, ya jiƙe da gumi, layukan ninkin sun baje. Saje Lu ya cusa shi a akwati, ya ɗauko nasa ya ɗora a gadon Geng. Muka fesa ruwa, muka danne da katako, muka matse kusurwa da yatsu har suka yi ja.

"Ka yi shiru, ka ji? In aka tambaya, ni zan yi magana."

Kanar ya shigo da kyaftin a bayansa. Ya sara wa gadon. Sai ya sunkuya, ya ɗaga kusurwar hagu da yatsa ɗaya.

"A nan akwai faci," ya ce. "Ni na ɗinke shi ina da igiya ɗaya a kafaɗa. Ina bargon?"

"Shugaba, laifina ne," in ji Saje Lu. "Na kai shi shanya."

"A cikin ƙanƙara?"

Saje Lu shekararsa goma sha ɗaya a soja, ɗaya ta rage a nema masa aikin gwamnati a garinsu. Na ga wuyansa ya yi ja. Na taka gaba.

"Shugaba, ni na ɗauka. Na rufa wa Wei Dongsheng."

Kanar ya je ya dafa goshin Kwaɗo, ya daɗe.

"A sa shi a motata," ya ce wa kyaftin. Sannan ya juyo. "Rufa masa ba laifi. Ka kai rahoto?"

"A'a, Shugaba."

"Kuma ka taya a ɓoye min."

"Na taya."

Aka rubuta mana gargaɗi, ni da Saje Lu. Nasa bai hana shi komai ba. Mai gargaɗi a shekararsa ta biyu kuwa ba a ba shi saje.

Farkon Disamba, ranar sallamata daga soja, kyaftin ya cire min igiyoyina biyu, ya maƙala min jan fure a ƙirji. Saje Lu ya ɗaukar min jaka har tasha.

"Da ka yi shirun nan," ya ce.

"Saje, yaushe ka taɓa ganin na iya?"

Ya saya min dafaffen ƙwai shida, ya tura ni cikin jirgin ƙasa.