Kwakwar Torika

Da hantsi ne, ana ta yayyafi irin na birnin Suva wanda ba ya ƙarewa, ina zaune a barandar asibiti da kwakwa a cinyata. Ta riga ta tsiro, ganyenta ya leƙo ta bakin buhu. Tun 'yata Torika tana ciki na zaɓe ta a gonarmu. A wajenmu in cibiyar jariri ta faɗi, uba ne yake binne ta, ya dasa kwakwa a kai, don yaro ya san gidansu, ya zauna. To, cibiyar Torika ta ƙi faɗuwa. Wata ya wuce, na biyu ya kama. Gefen wurin ya yi ja, ya kumbura, ko ɗigon mugunya babu, sai zazzaɓi. Da za mu hau jirgin ruwa daga tsibirinmu Kadavu, matata Unaisi ta rungumi 'yar, ni na rungumi kwakwar.

Semesa, yayan Unaisi, taubashina ne, tasi yake tuƙawa a garin. Kullum sai ya kawo mana dafaffen rogo da kifi. Ran nan ma ya zo da su.

"Mai jego, ya jaririn naka?" ya ce, yana ɗaga bakin buhun. "Ya sha nono kuwa? Kamarku ɗaya, har ƙeyar."

"Shi dai kansa yana tsiro," na ce. "Naka fa?"

Ya shafa sanƙonsa, ya shiga wajen ƙanwarsa yana dariya.

Can sai Likita Praveena ta fito, ta zauna kusa da ni a kan bencin.

"Waisake, kana da kwalekwale?"

"Akwai na babana."

"In ka zo gaɓa, ruwa yana ja, me kake yi?"

"Sai in kama turke in ɗaure."

"To," ta ce. "A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu yaƙi da cuta. Jini yana gudu da su kamar kogi. A jikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ƙugiyoyi da ido ba ya gani. In sun zo daidai ciwo, da su suke kama bangon jijiya, su tsaya, su fita su yi aiki. Ƙwayoyin ne ma suke taimaka wa cibiya ta rabu ta faɗi. Fararen ƙwayoyin Torika suna da yawa, sun fi nawa ma. Amma tun daga ɓargo, inda ake yin su, suka fito babu ƙugiya. Suna zuwa wajen ciwon, suna wucewa."

Ban yi nisa a makaranta ba, amma na taɓa hango gidanmu ina wucewa, ruwa yana jana, hannuna bai kama komai ba. Sai na ji tausayinsu, 'yan ƙwayoyin nan.

Ta ce akwai abin yi, amma ba a nan ba, sai a wata ƙasa, a birnin Auckland. Za a ɗebi ɓargo a ƙashina a sa wa Torika, in ya zauna a jikinta, zai riƙa yi mata masu ƙugiya. Ba ta yi mini alkawari ba. Na ce su ɗiba duka in suna so.

"Kaɗan ya isa," ta ce. Ta dubi buhun. "Wannan kam ba za su bari ka shiga ƙasar da ita ba. Ko ɗanyen ganye ba a shiga da shi."

Abin ya tsaya mini a rai. In na dasa ta babu cibiya, ta zama kwakwar kowa. In na bar ta a buhu, kafin mu dawo ta bushe. Kuma ban so in yi tunanin abin da bushewarta take nufi ba. Unaisi ta ce, "Baban Torika, 'yar ce a gabanmu, ba ita ba." Gaskiyarta. Amma ita ma na gan ta tana yayyafa wa ganyen ruwa daga kofinta.

Ranar tafiya Semesa ya kai mu filin jirgi. Cibiyar tana nan, an rufe ta da auduga. Na sauke kayanmu, na tsaya da buhun a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Semesa ya buɗe bayan mota, ya fito da tsohon bokiti cike da jiƙaƙƙen yashi. Ya karɓi kwakwar daga hannuna, ya ɗora ta a kai, bai binne ba.

"Ba dasawa na yi ba, kada ka yi mini kuka," ya ce. "Wannan aikin ubanta ne. Ka dawo da cibiyar, raggo."

Ya ɗora bokitin a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaure shi. Ya sumbaci Torika a goshi, ya dafa kan ƙanwarsa. Ni ko kallona bai yi ba. Kafin in buɗe baki ya tayar da mota, ganyen yana kaɗawa ta taga.