Wa Ke Goya Ummi?

Karo na uku ke nan da aka kawo Ummi ƙaramin asibitin unguwar, kuma Sista Beatrice ba ta buƙaci kati ba kafin ta gane ta. Yarinya ce 'yar shekara biyu da 'yan watanni, tana tsaye jikin uwarta Azumi tana susa da hannu bibbiyu kamar aikin da aka sa ta ke nan. Beatrice ta ajiye biro, ranta ya ɓaci tun ba a gama gaisuwa ba.

Shekara goma sha ɗaya tana duba fatar mutanen Birnin Gwari. Ta san makero, ta san kyasbi, ta san ƙurajen zafi da ke feso wa yara idan bazara ta kankama. Ƙazwa kuwa ko daga nesa ta hango ta za ta faɗi sunanta. Sau biyu tana ba Azumi farin maganin shafawa, ta ce a shafa daga wuya har tafin ƙafa, kowa a rana ɗaya, a tafasa zannuwa, a shanya tabarmi. Sau biyu yarinya tana samun sauƙi, bayan sati uku abu ya dawo ya fi na da. Yanzu ƙurajen sun fashe sun yi ruwa, wasu har sun tara mugunya.

"Azumi, maganin da na ba ki fa?"

"An shafa mata, Sista."

"An tafasa kayanta?"

"An tafasa."

Yau har da mijin, Munzali, wanda bai taɓa zuwa ba. Manomi ne daga Gwaska. Tun da suka gudo gari bara yake dako a kasuwa, kuma a fuskarsa kana ganin mutumin da ya bar aiki ya zo jin magana ɗaya karo na uku. Ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa.

"Sista, ba raini ba, amma maganinku bai karɓe ta ba. Akwai wani a bakin tasha ya ce a kwaɓa fiya-fiya da man gyaɗa, shafa ɗaya an wuce wurin. Gobe in Allah ya kai mu zan karɓo."

Bara aka kawo wa Beatrice wani yaro da aka yi wa irin wannan shafa, bakinsa na kumfa, kuma bai kai Kaduna ba. Maganin sauro a kan fatar da ta riga ta fashe! Ta so ta yi masa tas, amma ta san idan ta ɗaga murya zai kwashi iyalinsa ya fita, gobe kuma ya yi abin da ya ce.

Ta jawo hannun Ummi, ta goga tawadar biro a tsakanin yatsunta, ta share da auduga mai sifirit. Tawada ta goge, sai wani ɗan siririn layi a karkace da ya rage.

"Malam Munzali, matso ka gani. Wannan hanyar ƙwaro ce. Ɗan mitsitsi ne, ido ba ya ganinsa, yana haƙa rami a fata yana zuba ƙwai. Maganin nan na kashe shi, ai ka ga kai da Azumi kun warke. Wani ne yake sake ba ta."

"Wa? Kin tambaya wa ke susa, mun faɗa miki mu uku ne. Yanzu kuma ita kaɗai ce."

Ta duba hannuwansu, ta duba wuyan hannu da gwiwar hannu. Fes. Haushi ya ƙara kama ta, don ta fi son ta kama su da laifi ta huta. Ta tuɓe wa Ummi riga ta kai ta bakin taga. A nan ta tsaya cak. Ƙirji, ciki, cikin cinyoyi da kunci ɗaya duk sun cika, amma bayan yarinyar kusan babu komai. Duk inda jikin yaro ke manne da bayan mai goyo, nan ƙazwar ta fi yawa.

Ta ja Azumi bayan labule ta ce ta kwance zane. Bayan Azumi sumul yake, ko ƙurji ɗaya babu.

"Wa ke goya yarinyar nan?"

Azumi ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Da ke nake! An shafa, an tafasa, an yi kaza. Waye wannan An ɗin? Ba shi da suna ne?"

Sai daga ɗaya gefen labulen muryar Munzali ta fito, a ƙasa-ƙasa.

"Ai a wurin Inna take. Tun yaye."

Beatrice ta dafe kai. Ummi 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Munzali ta ci, shi ya sa ake ce mata Ummi. Kunya biyu ke nan a kan Azumi. Ba za ta kira sunan yarinyar ba, ba za ta nuna ita ce mai ita ba, balle ta buɗe baki ta sa surukarta cikin maganar ciwo. Da aka yaye ta wata bakwai da suka wuce, aka kai ta wurin kaka yadda aka saba, kakar kuma tana gidan ƙaninta a wani layi, don ɗakin da su Munzali suka kama ba ya ɗaukar mutum huɗu. Duk Beatrice ta san wannan al'ada, a cikinta ta girma ko da ba tata ba ce. Ita ce ta yi tambayar banza, aka ba ta amsar gaskiya, ta kuma yi wata biyu tana zargin mutane da ƙin jin magana. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Inna ba ta susa," in ji Munzali, murya ta yi kauri. "Kuma duk Gwaska an san tsaftar Inna."

"Ban ce komai ba. Gaishe ta zan je in yi."

Ta wanke wa Ummi gyambunan, ta rubuta maganin mugunya, ta bar wa abokiyar aikinta Rachel sauran masu jira, waɗanda suka bi ta da harara. Rana ta take, ta bi su a ƙafa, Munzali a gaba ɗauke da yarinya yana tafiya kamar zai tashi sama.

Sun sami Inna Furera a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwa ce siririya, zanenta wankakke, tsakar gida a share ƙal. Beatrice ta durƙusa ta gaishe ta, suka yi ta gajiya da ta zafi, amma idonta na kan tiren gyaɗar. Hannuwan Inna sun yi wani kauri fari-fari, sun tsattsage, farce ya kumbura ya karkace. Duk ɓara ɗaya sai wani gari ya zubo kamar dusa.

"Mama, hannun nan fa?"

"Kaushi ne na tsufa, 'yata. Tun da muka baro gida ya taso, ina jin ruwan garin nan ne. Ko ƙaiƙayi ba ya yi. Man kaɗanya nake sa masa."

Ta yarda aka shiga ɗaki aka duba ta. Gwiwar hannu, bayan kunne, allon kafaɗa, duk ɓawon ya rufe. Sau biyu kacal Beatrice ta taɓa ganin irin wannan. Ƙazwa ce mai ɓawo, wadda ke kama tsofaffi da jiki ya yi rauni. Ba ta cika ƙaiƙayi ba, amma inda mai susa ke ɗauke da ƙwari goma, wannan dubbai ne.

"Mama, wa ke shafa wa Ummi magani?"

"Wa kuwa in ba ni ba? Da hannuna, ko kwana ɗaya ban tsallake ba. In gama in goya ta har ta yi barci."

Ta faɗa da alfahari, kuma Beatrice ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Suka fito rumfa. Munzali yana ta yi mata alama da ido kada ta faɗa. Matan gidan sun daina daka. Babu wata hanya mai daɗi, don haka ta sake durƙusawa ta rage murya.

"Mama, wannan ba kaushi ba ne. Ƙazwa ce."

"Ƙazwa? Ni?"

"Ba ƙazanta ba ce, Mama, ko kusa. Wanka ba ya hana ta. Akwai ƙwayoyin da zan sa a kawo miki daga babban asibiti, da na shafawa, kuma kowa a gidan nan zai shafa rana ɗaya. Za ki warke. Amma kafin nan, kamar wata guda, ba za ki goya Ummi ba, ba za ki kwana da ita ba."

"Sista, kin gani ko?" Munzali ya zabura. "A gaban mutane kike ce wa uwata haka? Ni dai gobe zan karɓo abin da na ce, a huta da wannan tonon silili."

"Me za ka karɓo?" in ji Inna.

Beatrice ce ta faɗa, ba ta rage komai ba, har da yaron bara. Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta, ta juya su ciki da baya.

"Ke nan duk wata biyun nan ni ce nake cin takwarata."

"Ba ki sani ba, Mama. Ni ce ya kamata in tambaya."

"Munzali, idan abin nan ya shigo gidan nan, ni za ka fara shafa wa." Inna ba ta ɗaga murya ba. Ya koma ya jingina da bango.

Ana cikin haka Ummi ta gaji da tsayuwa. Ta ruga ta zagaya bayan kakarta, ta kama wuyanta tana ƙoƙarin hawa. Hannun Inna ya tashi da kansa zai tallafe ta, ya tsaya a hanya. Ta cusa hannuwan duka biyu a ƙarƙashin zane.

"Azumi," ta ce. "Zo ki ɗauki 'yarki."

Ba a taɓa faɗa wa Azumi wannan kalma a gaban jama'a ba. Ta zo a sunkuye, ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya daga wuyan tsohuwar, ta cire mayafinta ta goya ta da shi. Ummi ta banƙare tana ihu, tana miƙa hannu, tana kiran Inna, Inna, har suka kai zaure. Inna Furera ta juya fuskarta ga bango.